Illela ko Fadamar Rima: Ina Mai Ɗan Jari Zai Zuba Kuɗinsa?

Duk ɗan Sakkwato da Allah ya buɗa wa, ko aiki yake yi a Abuja ko nema yake a Legas da Fatakwal, akwai ranar da zai ce yana so ya kafa wani abu a gida. Da ya furta, shawara biyu zai fi ji. Wasu su ce ya nufi Illela, bakin iyaka, inda kuɗi ke juyawa kowace Lahadi. Wasu su ce ya gangara fadamar Rima, daga Kware zuwa Wurno, Goronyo da Gada, inda albasa da tafarnuwa ke fitowa. Duka wuraren biyu suna jingine da Nijar, amma kowanne da irin mutumin da yake karɓa, kowanne kuma da irin hanyar da yake cinye uwar kuɗi. Yawancin masu ba da shawara labarin riba suke kawowa. Ni ta wajen asara nake so mu fara auna su, domin a nan ne suka fi bambanta.

Illela tana da nisan kilomita 85 ko kusa da haka daga birnin Sakkwato, ta hanyar Kware da Gwadabawa. Kana tsallake shinge ka shiga ƙasar Birnin Kwanni a jihar Tawa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin nan a farkon ƙarni na 20, amma mutanen garuruwan biyu dangin juna ne, auratayya suke yi, harshe ɗaya suke ciniki da shi. Kasuwar Illela Lahadi take ci, ta Kwanni Laraba, don haka ɗan kasuwa ɗaya yana iya cin biyun a mako guda. Daga arewa shanu ke gangarowa, da raƙuma, da tumaki uda da balami, da wake, da dabino, da kanwa. Daga kudu kuma siminti ke hawa, da kayan roba, atamfa, taliya, sabulu, da hatsi a shekarun da Nijar ta yi ƙarancin damina.

Zuciyar Illela kara ce, wato kasuwar dabbobi. Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka hayaniya ce kawai, alhali komai da tsarinsa. Bafillace ko Buzun da ya koro dabbobi ba ya sayarwa da kansa, yana da mai masauki, mai masaukin nan shi ke tsaya masa, shi ke ɗaukar nauyi idan daga baya aka ce saniyar ta sata ce. Mai saye zai buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya matsa gadon baya da gindin wutsiya ya ji kitse, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Ya taya, dillali ya ce albarka. Ya ƙara, dillali ya juya ga mai dabba: “Baba, Alhaji fa ya yi ƙoƙari, a sallama masa.” In an sallama a cire la'ada, a shafa wa dabbar fenti, yamma na yi a fara lodi. Tirelolin da suka tashi daren Lahadi su ne za a sauke a mayankar Agege a Legas, ko Ibadan, ko Fatakwal.

Abin da ke jan mutane zuwa nan shi ne saurin juyawar kuɗi. Cikin mako biyu ko uku ka saya, ka kai, ka sayar, ka dawo. Amma akwai abin da ba a faɗa wa baƙo: a Kudu sau da yawa bashi ake ba mahauta, sai sun yanka sun sayar su biya. Ribarka tana rubuce a takarda, kuɗinka yana hannun mutumin da ba ka sani ba, dillalinka na can ne kawai ya san gidansa. Ga kuɗin mota, ga abin da ake bayarwa a shingaye, ga dabbar da za ta durƙushe a hanya saboda zafi da cunkoso. Tsofaffin fatake suna jure wannan ne domin sun gaji dillalansu daga iyayensu. Sabon shiga da miliyoyinsa ba shi da wannan gadon, kuma kuɗi ba ya saya masa shi a shekara ɗaya.

Sai babbar matsalar, wadda ba ta hannun kowa a Illela. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, aka biyo da hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Illela na cikinsu tare da Seme, Maigatari da Mfum. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar. Motoci suka yi layi a Illela, kayan da ke lalacewa suka lalace a cikinsu. Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa a Maris na 2024, Nijar ta buɗe nata ɓangaren bayan kwanaki kaɗan. Daga nan kuma matakan suka koma fitowa daga can: a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Janairun 2025 ficewarta daga ECOWAS ta tabbata, gab da Sallar layya ta 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a kasuwanninta. Ka duba wannan jeri da kyau. Cikin shekara shida, sau nawa sa hannun mutum ɗaya a Abuja ko Yamai ya tsayar da cinikin Illela? Mafi yawan waɗannan ba a sanar da ɗan kasuwa tun da wuri har ya kwashe kayansa ba.

Za a ce ai ko an rufe shinge kaya ba sa daina wucewa, akwai hanyoyin daji, akwai babura da amalanke. Gaskiya ne. Amma wannan sana'ar 'yan gari ce da suka san kowace burtali, kuma fasa-ƙwauri ne a idon kwastan. Mutumin da ya tara kuɗinsa da gumi bai kamata ya ɗora shi a kan hanyar da za a iya ƙwace kayan a rasa inda za a kai ƙara ba.

Akwai kuma zancen canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube, har jakar sefa ta kusan ninka abin da take a da. Wannan ya juya alƙiblar ciniki: kayan Najeriya suka yi wa mutanen Nijar araha, dabbobin Nijar suka yi mana tsada. Mai sito a Illela da ke sayar wa 'yan Kwanni siminti da kayan masarufi ya ji daɗin wannan, mai sayen shanu ya ji a jikinsa. Duk wanda zai zauna a kasuwar nan dole ya iya lissafi da kuɗi biyu a kansa, ya san ɗan canjin da zai amince da shi. A lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da sefa aka riƙa ciniki a garuruwan bakin iyaka da dama.

Game da sayen fili a Illela ba zan tsawaita ba. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, daga Illela ta fara, kuma an ƙaddamar da aikin a Oktoban 2024. Tun daga lokacin zancen fuloti ya yi zafi. In hanyar ta kammala, filin ajiye manyan motoci da sito za su yi daraja, babu shakka. Sai dai aiki irin wannan na shekaru ne, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya ya bi, ba ta wajenmu ba, zai iya janye wani kaso na kayan da ke bi ta nan. Fili a Illela na wanda ke da rarar kuɗin da zai manta da su ne.

Yanzu mu gangara fadama. Gulbin Rima shi ne jijiyar gabashin Sakkwato, kuma shi ma da Nijar yake haɗe, domin Gulbin Maraɗi daga can yake dawowa ya zuba a cikinsa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, an yi ta ne don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ita ke ba filayen noman rani na Rima ta Tsakiya ruwa, ita kuma birnin Sakkwato ke dogara da ita wajen ruwan sha idan rani ya tsananta. Ƙasa da madatsar, har zuwa Wurno da Kware, ruwan ƙasa ba shi da zurfi, ana haƙa ƙaramar rijiyar burtsatse a rana ɗaya a ɗora inji. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, fadama take kore shar da albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, tattasai da tumatir.

Albasa ce sarauniyar wurin. Ana zuba iri a ƙarshen damina, a yi dashe da shigowar sanyi, a cire daga Fabrairu zuwa Afrilu. Matsalar manomi ita ce kowa lokaci ɗaya yake cirewa. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ga bashin taki da na fetur yana jiransa, dole ya sayar. Wata shida ko bakwai bayan haka, daga Oktoba zuwa Disamba, buhun nan da ya sayar da arha ya zama abin nema a Legas da Onica. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ne kuɗin albasa yake, kuma mafi yawansa ba manomi ke ci ba, mai ajiya ne.

To amma ajiyar albasa ba ajiyar gero ba ce. Ka shiga rudu a watan Yuli, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa a kan itace don iska ta ratsa ta ƙasa. Tun daga ƙofa hancinka zai gaya maka halin da ake ciki. Za ka tarar da yara zaune suna juya albasa ɗaya bayan ɗaya, suna matsa wuyanta da babban yatsa. Wadda ta yi laushi a jefa gefe, wadda ta fara tsiro a ware a kai kasuwa gobe, domin ruɓaɓɓiya ɗaya in ta kwana a tsakiya sai ta shafi na kewaye da ita. Wanda ya bar rudu mako biyu ba a juya ba a cikin damina, ya san abin da zai tarar.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi kafin ya saya, a matsayin misali kawai. Ka zuba buhu 100. Tsakanin bushewa da ruɓewa, a ce 65 suka kai Nuwamba. Kafin ka mayar da kuɗin sayen kaɗai, sai farashi ya haura na ranar da ka saya da fiye da rabi. Ba a sa kuɗin rudu ba, ba a sa ladan masu juyawa da mai gadi ba, ba a sa buhu da mota ba. In kuwa 80 suka tsira, ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ya isa ya mayar maka da kuɗin sayen, abin da ya hau kai in an cire ɗawainiya riba ce. Ka ga ashe ribar ba a kasuwa ake cinta ba tukuna, a wajen zaɓen albasar da za a ajiye ne da irin ɗakin da aka zuba ta. Albasar da aka ɗura wa takin yuriya, aka yi mata ban-ruwa har gab da cira, girma gare ta da kyan gani, amma ba ta ajiyuwa. Wadda aka yanke wa ruwa da wuri, aka bar ganyenta ya kwanta, aka shanya ta a inuwa har wuyanta ya bushe, ita ke kai wa sanyi. Manoman Gada da Wurno sun san wannan sarai, sai dai wanda bashi ya matsa wa nauyin buhu yake nema. Shi ya sa mai ajiya mai hankali tun lokacin dashe yake shiga yarjejeniya da manomi, ya ba shi taki da iri, su yi sharaɗin yadda za a yi cira.

Tafarnuwa ta fi haƙuri. Ba ta ruɓewa da sauri kamar albasa, ba ta cin wuri, kuma kuɗin da buhu ɗaya ke ɗauka ya fi yawa. Wanda ba zai iya zuwa duba kaya kowane mako ba, ita ta fi dacewa da shi.

Wata ƙofar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce ta ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ban-ruwa ya zama abin da ya fi cin kuɗin manomin rani, har wasu suka rage faɗin abin da suke nomawa. Rana kuwa ba abin da Sakkwato ta fi wadata da shi. Injin ban-ruwa mai aiki da sola yana da tsada a sayen farko, ƙaramin manomi ba zai iya biya a dunƙule ba, amma zai iya biya da amfanin gona a kaka. Mai jari da ya sayi injuna, ya raba wa manoman da mai unguwa da limamin gari suka tsaya musu, a biya shi da buhunan albasa ko shinkafa, ya samu kayan ajiya a farashin gona, manomi kuma ya huta da jarka. Wannan ita ce harkar da na fi so in ga 'ya'yan yankin sun shiga, saboda tana barin wani abu a ƙauyen bayan an kwashe riba. Sharaɗinta a rubuta komai a gaban shaidu, a kuma yi adalci wajen farashin da za a karɓi kayan, kada ta koma irin bashin da ke mayar da manomi bawan gonarsa.

Fadama ma tana da nata bala'in. A Satumbar 2010 ambaliya ta shafe garuruwa da gonaki a Goronyo da ƙasa da ita, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma akasin haka aka gani, ruwan madatsar ya ja baya har sai kusan kashi ɗaya cikin goma ya saura. Akwai cutar ganye da kan kama albasa ta ƙone fage guda. Akwai rikicin gonar gado: ka saya a hannun mutum ɗaya, bayan shekara biyu 'yan'uwansa su taso. Shi ya sa ban cika ba baƙo shawarar sayen gona ba. Haya ko noma-mu-raba sun fi sauƙin fita in abu ya ɓaci.

Zancen tsaro kuwa ba a rufa shi. Wanda ya ce maka yankin nan lafiya lau yake, bai so ka da alheri ba. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka rasu. A shekarar ce aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Isa da Sabon Birni sun daɗe suna fama da Bello Turji da yaransa, a 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu, Allah ya jiƙansa. A yamma kuma Lakurawa sun addabi Tangaza da Gudu. Ƙauyukan Illela, Gwadabawa, Wurno da Rabah su ma ba su tsira ba. Abin da wannan ke nufi ga mai jari shi ne, gwargwadon yadda ka nutsa gabas bayan Goronyo, gwargwadon yadda hatsarin ke ƙaruwa. Dabbobi sun fi komai jan idon ɓarayi, garken da aka tara a bayan gari kira ne. Albasa ba a kora ta a shiga daji da ita, amma mai ita ana iya ɗaukarsa. Don haka a sayi kaya a gona, a gina wurin ajiya kusa da kwalta, a Kware ko Achida ko gefen birni, kuma mai kuɗi ya rage yawan nuna kansa.

Abu ɗaya da ya haɗa Illela da fadama shi ne hanyar Kudu. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, masu safarar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya, a watan Yuni kuma ƙungiyar masu albasa ta yi nata yajin saboda motocin da aka wawashe mata. Ko sa ka ɗauko ko buhu, rabin ƙaddararka tana kan wannan titin. Bambancin shi ne tafarnuwa da busasshiyar albasa za su jira mako biyu a rumbu, sa kuwa kullum sai ya ci, yana ci yana rage ribarka.

To wa zai je ina? In kai ɗan Illela ne ko Gada, kana da kawu a Kwanni, kana jin lissafin sefa, kuma da ƙafarka za ka tsaya a kara, Illela taka ce, ba wanda zai koya maka ita. Ko kai ma kada ka zuba duka a kaya iri ɗaya, ka riƙe abin da zai ciyar da gida wata shida in an wayi gari an rufe shinge. In kuwa albashi kake tarawa a wani gari, zuwanka gida sai Sallah, ni fadama zan nuna maka, kuma ba noma da kanka ba: ajiya da injin ruwa, tare da ƙane ko amini da zai ci kaso a cikin riba maimakon albashi, don ya ji ciwon kowace albasa da ta ruɓe. Dalilina shi ne asarar fadama mafi yawanta ana iya rage ta da ilimi da kulawa, ta Illela kuwa daga ofisoshin da ba ka da murya a cikinsu take saukowa. Shekarar farko ka fara da kaɗan, buhunan da in sun lalace duka ba za ka shiga bashi ba.

Akwai hanya ta uku ga mai ƙaramin ƙarfi, har da mata a cikin gida, wadda ke cin moriyar wuraren biyu: turkar raguna. A sayi ramammu masu ƙashi a Illela ko Achida wata uku ko huɗu kafin layya, a ɗaure su a cikin gari inda ido ke kansu. Sai dai a lura da kalanda. Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ta 2025 a farkon Yuni aka yi ta, don haka a shekarun nan turka tana faɗawa ne a tsakiyar bazara, lokacin da harawa da kowa da dusa suka fi tsada. Wanda zai yi ta, tun kaka zai sayi abincin ya ɗora a kan rufi, kafin ya je neman ragon.